Turke Na Takwas

Jama'a, wallahi wannan abu a kaina ya faru, shekarun baya lokacin da nake aikin yi wa shanu allurar rigakafi a yankin Bagudo, muna bin rugage har bakin iyakar Benin. Inda yamma ta riske mu nan muke kwana, shi ya sa na sayi tanti sabo fil mai turakun ƙarfe takwas, ga gidan sauro ga ɗan risho, ina ta jin kaina.

Wata rana da la'asar muka sauka wata fadama gaba da Lafagu, ni da abokin aikina Malam Bawa, mutumin yankin. Yana ganin na ɗauko guduma ya ce, "Dakata! Nan ba a kahwa ƙarhe. Icce aka sakawa, kuma sai an yi ma masu wuri sallama." Ni kuwa da taurin kai na yi dariya, na ce tantin kanti guda zan ɗaure da kirare?

Turaku bakwai suka shiga da ƙyar don rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas, amma na takwas bugu ɗaya ya nutse, har na ji wani nishi daga ƙasa. Na ɗago ke nan sai ga wata tsohuwa tana ɗingishi, ta tsaya ta ce, "Ɗan nan, hidda ƙarhenka, bisa ƙahwata ya ke." Na juya in kira Bawa, na waiwayo, wayam! Fili ne fa fetal, ko kara babu.

Da safe bakwai suka fito, na takwas ya ƙi ko motsi, sai na yanke igiyar muka tafi. Bayan kwana uku ƙafata ta hagu ta kumbura suntum, zafi kamar ana buga mini ƙusa. A asibiti aka duba ba a ga komai ba, har aka fara zancen yankewa. Ranar na yi kuka, ban ɓoye muku ba.

Bawa ne ya goya ni a babur muka koma. Ya ce, "Yi sallama, ka ba su haƙuri." Na yi. Da yatsu biyu na zare turken nan kamar daga cikin tuwo, kuma na rantse da Allah bakinsa da ɗumi, jike da jini.

Ƙafa ta saɓe cikin mako guda, amma har yau akwai tabo a bayanta, zagayayye daidai kaurin turken, alhali ko ƙaya ba ta taɓa huda ni a wurin ba. In za ku kafa tanti a daji, don Allah ku tambayi mutanen wurin tukuna. Ni dai duk la'asar sai na ɗan yi ɗingishi.