Kaset ɗin Baba ya ƙi juyawa

Wahalar da na sha a kan kaset guda ɗaya ban sha ta a gonar auduga ba. Abu ne da bai cika tafin hannu ba, amma ya hana ni zama wuri ɗaya, tuwo ma a tsaye na riƙa cinsa.

Ƙanwata ce autar gidanmu. Aure ya kai ta Kumasi, mijinta fataucin goro yake. Baba ya kwanta ciwon ajali a shekarun nan da aka rufe iyakar ƙasa, ba shiga ba fita. Da ya gane ba za ta same shi da rai ba, sai ya ce in ɗauko rikodata. Na kara masa ita a baki, ya yi mata magana. Ba wani asiri a ciki. Gaisuwa ce, da tambayar yara, da cewa ya yafe mata duniya da lahira. Na san abin da ya faɗa tunda ni na danna. Ita ce ba ta ji ba, kuma don ita aka yi.

Bayan an yi jana'iza na naɗe kaset ɗin a tsumma, na soke shi a jinkar ɗaki, inda muke soke lauje da duk abin da ba mu so yara su taɓa. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo.

Sai ga saƙo ta bakin wani direba, wai an buɗe hanya, ƙanwata ta iso Zariya wajen dangin mijinta, ranar kasuwar Bakori za ta ƙaraso gida. Na zaro kaset na sa a rikoda don in tabbatar. Rikoda ta yi gurnani, ta yi ƙas, madanni ya dawo sama da kansa. Na sake dannawa, haka. Na ce batir ne. Na sayo sababbi, haka. Na sa wani kaset na wa'azi, malam ya kama magana tangaram. Na je gidan maƙwabcina na gwada a tasa rikodar, ita ma ta ƙi. Na zura biro a ramin kaset ɗin in murza, ya tsaya ƙyam kamar an zuba masa ƙaro.

Matata ta karɓa ta sansana.

"Maigida, wannan ai ruwa ya sha. Ji warin fumfuna."

"To yaya za a yi?"

"Abin da ake yi wa duk abin da ya jiƙe."

A gidanmu abin da ya jiƙe shanya shi ake yi, hatsi ne ko tufa ko ashana. Ban ga laifin maganarta ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, barkono a gefe, kuɓewa a gefe, kaset ɗin Baba a tsakiya. Na tafi gona, amma hankalina na kan tabarmar nan. Da na dawo da azahar na tarar ya lanƙwashe kamar busasshiyar fata. Da can yana shiga rikoda ya ƙi juyawa. Yanzu ko ƙofar ba ta rufuwa a kansa.

Na shiga motar Funtuwa. Akwai wani mai gyaran rediyo a bayan tasha, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya juya kaset ɗin a hannu ya dube ni.

"Malam, a wuta ka gasa shi?"

"Shanya shi muka yi."

"Da kuɓewa?"

"Da barkono ma."

Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na ce masa muryar mahaifina ce a ciki, kuma ya rasu. Ya daina dariyar, ya share teburinsa.

Ya ce gidan kaset ɗin ya mutu, amma magana ba a gidan take ba, a zaren take. Ya sa wuƙa ya fasa robar a hankali, ya ciro zaren a naɗe. Zaren ya manne da junansa. Ya riƙa warware shi da yatsa kaɗan-kaɗan, ni kuwa na kasa zama a bencin. In leƙa kansa, in fita bakin titi, in dawo. Har ya ce, "Malam, ko ka zauna ko ka je ka sha shayi, kana tare mini haske." Inda zaren ya cinye ya yanke, ya haɗa bakin da jan farce irin na mata, ya mayar da shi cikin gidan wani kaset mai sukurori.

Ya danna. Na ji tarin Baba. Tarin nan nasa na kafin ya fara magana. Mai gyara ya kashe nan take.

"Bar shi mana," na ce.

Ya goga auduga a ƙarfen da zaren ke bi ta kai, ya nuna mini. Ta yi ja kamar an goga ta a jar ƙasa.

"Ka ga wannan? Maganar ce ke zubewa. In ya yi tafiya ɗaya har ƙarshe, ka gode Allah. Ta biyu ban ɗaukar maka alkawari ba."

Na ce to a kai shi wajen masu buga kaset a kwafe. Ya ce injinsu da gudu yake ja, zai tsinke shi tun farko. Dabara ɗaya ce: in samu rikoda biyu in haɗa su baki da baki, ɗaya na faɗa ɗaya na ɗauka, lokacin da mai shi take saurare. Kuma kowa ya yi shiru.

Na dawo gida da shi a aljihun gaba, hannuna a kai. Kafin ranar kasuwa ta zo, sau nawa na ɗauko shi in gwada, in mayar. Ban san ko wajen yafewar yana cikin abin da aka yanke ba, kuma ba halin in duba.

Ƙanwata ta iso da rana, ta rame, da goyo a baya. Aka yi gaisuwa aka yi kuka. Bayan la'asar na aro rikodar maƙwabci, na sa sabon kaset a ciki, na kori kaji, na tura ƙyaure. Daga ni sai ita sai matata.

"Sau ɗaya zai yi," na ce mata. "Ko tari kada ki yi."

"To, Yaya."

Na danna duka biyun. Baba ya yi tari, ya ce salamu alaikum.

"Wa alaikumus salam, Baba," in ji ta.

Na ɗaga mata hannu. Matata ta kama hannun ta sauke. Wa zai ji sallamar ubansa ya ƙi amsawa? Ya ce kina lafiya, ta ce lafiya lau. Ya ce ina yara, ta ce suna nan, an ƙaru. Muryar tana ja tana saki, wani wuri ta nutse kamar daga rijiya. Ni idona na kan zaren, ina kallon yadda yake rawa. Aka zo inda aka haɗa da jan farce, magana ta yi tsalle. Sai ga Baba ya dawo, a shaƙe amma ana ji: na yafe miki, duniya da lahira.

"Ni ma na yafe, Baba. Ka yafe mini."

Bai yi nisa daga nan ba rikoda ta kama taunar zaren. Na kashe, na buɗe, ya fito a cukurkuɗe.

Ta share ido da gefen mayafi. "Me ya ce bayan nan?"

"Ya ce ki riƙe zumunci. Ya ce kuma goron da kika aiko, rabinsa sankara ta ci."

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Shi ne. Wallahi shi ne."

Muka mayar da sabon kaset baya muka saurara. Baba can ƙasa-ƙasa, ita kuwa muryarta ta cika ɗakin, ga jakin maƙwabci yana kuka a bayansu. Na ce mata ai ta ɓata ɗaukar. Ta ce a bar mata shi haka.

Washegari da safe ban bari kowa ya sake taɓa sabon kaset ɗin ba. Na sa shi a aljihu na tari motar Funtuwa, na kai wa masu buga kaset, na ce su fitar mini da biyu, ɗaya ya tafi Kumasi ɗaya ya zauna a gida. Na tsaya a kansu har suka gama.