Inabin Yusha'u Tela da Awakin Modibbo

Shekara talatin da ɗaya Yusha'u ya yi yana ɗinki a kasuwar Kontagora, tun zamanin keken ƙafa, kafin ya ajiye sana'ar ya dasa inabi gindi arba'in a hanyar Kaboji. Mutumin da ya tsufa da almakashi a hannu, sai ga shi tausayi ya hana shi yanke ko reshe guda. Ganye ya yi luf-luf, amma shekara uku babu 'ya'ya, har ya ƙudura idan damina ta faɗi zai tumɓuke su ya shuka masara.

Ana nan sai awakin maƙwabcinsa Modibbo suka tsallake shinge, suka yi wa layi biyu aski tas. Yusha'u ya daina amsa gaisuwarsa.

Bayan 'yan makonni, layukan nan biyu kaɗai suka yi fure. Da sassarfa Yusha'u ya isa rugar Modibbo, hula a hannu, yana haki.

"Modibbo, ashe awakinka sun fi ni ilimi."

"To, tela, sai ka riƙa zuwa ɗaukar darasi. Da hantsi suke fita."

Washegari Yusha'u ya datse rassan sauran layukan. Bana har daga Minna ake zuwa sarin inabinsa.