Rabon Abincin Auren Autata

A layinmu na Maamobi, in ana biki ni ke tsayawa kan tukwane in faɗi kwanon da za a kai kowane gida. Ban taɓa zama a aji ba, amma na san wa ya cancanci langa mai murfi, wa za a kai wa roba. A zango a tsallake gida ɗaya kawai, ko a rage masa nama, sai a yi ta gaba da ke har jikoki.

Gab da auren autata gwiwa ta kwantar da ni. Babbar 'yata, wadda ke aiki da kwamfuta a shagon kayan gyaran mota a Abossey Okai, ta zauna bakin gadona da biro.

"Mma, faɗa min yadda kike rabon, in sa a kwamfuta."

Na gyara zama na fara. Idan gidan malami ne, langa babba. Idan ba malami ba ne, amma matar ta je Makka, ita ma babba. Idan ba ta je ba, amma sun zo sunan jikana, matsakaiciya. Idan ba su zo ba, amma rashin lafiya ya hana su...

"Mma, dakata, biro ya tsaya."

Da ta katse ni sai zaren ya kuɓuce, dole na koma kan malami. Haka muka yi ta yi har la'asar. Ashe ilimin da nake taƙama da shi, in aka yi tari a tsakiya sai ya watse.

Washegari ta dawo tana dariya. Wai ta cusa sharaɗi cikin sharaɗi har kwamfutar ta ƙi karɓa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ko ƙarfen Bature ya san ba sa'ana ba ne.

"Ba haka ba ne, Mma. Hanyar ce doguwa. A shago ba ma tambayar injin idan kaza, idan kaza. Jeri muke yi: ga mota, ga kayanta a gefe, ya duba ya ɗauko."

Haka ta yi da mutanena. Ta kira sunan gida, in faɗi matsayinsa, ta rubuta. A gefe kuma ƙaramin jeri: kowane matsayi da kwanonsa da namansa. Duk abin da na shekara ina ja kamar wa'azi, bai cika tafin hannu ba.

Ana gobe biki wata maƙwabciya ta sauka daga aikin Hajji. Na ce to, yau asirin injin zai tonu, sai an warware komai daga farko. Yarinyar ta hau trotro, motar haya, ta je shago, ta canja gurbi ɗaya, ta dawo da sabuwar takarda kafin a gama tankaɗe.

Ranar biki ina kwance, ƙofa a buɗe, kunnena na tsakar gida. 'Yata ke karanta takardar, mata na zuba shinkafa da wake, ana fita da kwanuka. Ni kuwa jira nake wata ta shigo da ƙorafi in ce ai na faɗa.

Har aka kai amarya ba wadda ta zo. Sabuwar Hajiyar ma aiko min da dabino ta yi, wai rabona bai taɓa yin kyau irin na bana ba.

Na karɓa, na ci. Sannan na kira 'yata na ce mata miyar ta yi gishiri.