Maigida Ne Ta Ce

Har yau idan na bi ta unguwar Sauka Kahuta nakan kawar da kai daga koren ƙyauren wani gida, don zuciyata tafasa take yi.

Yayata ta shiga gidan nan ne da haya, shekarar da muka baro kudancin Kaduna. Mai gidan tsohon direba ne, matarsa ta gudu ta bar shi da daɗewa. Gaisuwa ta zama kai miya, kai miya ya zama zama tare. Shekara goma sha tara suna tukunya ɗaya. Ba coci, ba kotu, ko akuya ba a kai wa iyayenmu ba. Kullum sai ya ce bari Kirsimeti ta wuce. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ita ke masa wanka, ita ke kwashe fo.

Kwana uku da binne shi, sai ga tsohuwar matar daga Paiko, da ƙanenta, da takardar aure a cikin leda. Ashe ba a taɓa kashe auren a kotu ba. Matar da ko sannu ba ta aiko ba yana kwance, ita ta fi kowa ihu a tsakar gida.

Danginsa suka zauna. Kawun mamacin ya dubi yayata ya ce, “Ke, mene ne shi a wurinki?”

Yayata mai kunya ce ta bugawa a jarida. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, maigidana ne.”

Ƙanen matar ya yi zumbur ya miƙe. “Kun ji da bakin shi! Mai gida! Shi ɗan haya ne, ba mata ba ne!”

Mutumin da bai iya raba “shi” da “ita” ba, ranar nan ya zama malamin Hausa. Duk wanda ke wurin ya san abin da mace ke nufi idan ta ce maigidana. Sun ci tuwonta a bukukuwa, sun kira ta matarmu. Amma kowa ya zuba wa takalminsa ido. Na tashi ina zage-zage, kawun ya ce a fitar da ni.

Wata guda suka ba ta ta tashi daga gidan.

Ranar tashi na kawo mota, na tarar ta share gidan tas. Tsohuwar matar na tsaye da tarin makullai tana ta kokawa da ƙofar ɗakin mamacin, ta ƙi buɗuwa. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce, “Yaya, mu tafi, bar ta ta ɓalla.”

Yayata ta sauke ƙullin kayanta, ta koma.

“Sai kin ɗan ɗaga ta sama kafin ki murɗa,” ta ce mata. “A hankali. Shi ya kafa ta da hannunsa.”

Na wurga ƙullin kayanta a mota, muka kama hanyar ɗakina a unguwar Ketaren Gwari.