Hannun Baba Sahabi da Kwalbar Sifirit

Mun tashi daga Tambuwal ana idar da sallar asuba, ni da wani abokin aikina da direba, bayan mota cike da kwalabe da bututun ƙarfe da kula mai ƙanƙara. Wata fadama muka nufa a ƙasar Kebbe, can wajen Fakku, za mu ɗebo laka. I, laka. Direbanmu ma sai da ya tambaya sau biyu, ya ce shi bai taɓa jin an ƙona mai saboda taɓo ba.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, na yi shekaru a wata ƙasa mai sanyi can arewacin duniya ina binciken bakteriya, ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani. Fadamun can daban suke da namu. Ciyawa da gansakuka na mutuwa amma sanyi da tsamin ruwa sun hana su ruɓewa, sai su taru su zama baƙar ƙasa mai taushi kamar katifa, wadda in an shanya ta har wuta take kamawa. A cikinta akwai ƙwayoyin da ke cinye iskar gas mai tasowa daga laka, su na bi duk tsawon zamana. Da na dawo gida sai na so in ga ko suna da dangi a fadamunmu.

Kafin mu fita Inna, mahaifiyata, ta tare ni a zaure da ƙunshin goro. Fadamar ta Baba Sahabi ce, aminin marigayi mahaifina, wanda rabona da shi tun ban san kaina ba. Ta ce, "Ka kai mishi goro wanga. In ya ba ka abinci ka zamna ka ci, kada ka yi mishi saurin nan naku na 'yan boko." Na ce to, hankalina na kan ƙanƙara kada ta narke.

Hanya kam sai addu'a. Damina ta tafi amma ta bar ramukanta, motarmu na rawa kamar an saka mata kalangu. Gefe da gefe an kwantar da gero, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta. Mun isa Kebbe hantsi ya ɗaga, muka tsaya wajen wata mai masa a bakin tasha. Masar da nake saye uku da naira hamsin ina ɗalibi, yanzu ɗaya ma sai da harara. Amma ta yi daɗi, ga miyar taushe da yaji. Daga nan mota ta ce iyakarta ke nan, muka hau kabu-kabu, mai babur ɗina ya ɗaure kula a tanki yana tambaya ko maganin rigakafi ne. Ya kuma gargaɗe mu da mu juyo kafin la'asar ta yi sanyi, saboda halin da hanyoyi ke ciki.

A bakin fadama muka iske Baba Sahabi da wasu manoma huɗu suna duba shinkafa. Dogon tsoho ne, ya ɗan ranƙwafa. Da na faɗi ko ɗan wane ne ni, ya daɗe yana kallona.

"Ɗan Mamman na? Kai, kamar an tsaga kara."

Ya miƙo hannu biyu, a nan na ga ba shi da yatsu sai gutsattsari. Kuturta ce ta cinye su tun yana saurayi, ya kuma warke tun kafin a haife ni. Ban ji komai a raina ba, wannan zan iya rantsewa. Na durƙusa na ba shi hannu, ya riƙe shi tsakanin tafukansa ya ƙi saki, yana tambayar Inna da 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kawo ruwa.

Da na gaya masa abin da ya kawo mu, bai yi dariya irin ta direba ba. Ya nuna wani lungu da sanda ya ce, "Can za ka. Nan laka ka numfashi, in ka taka sai ka ga kumfa. Shinkafa ba ta so nai." Abin da na kwana uku ina nema a taswira, ya nuna mini da sanda ɗaya. Murna ta kama ni, jikina ya shiga aiki kafin hankalina ya iso.

A aikinmu akwai ƙa'idar da ba a tsallakewa. Kafin ka taɓa kwalbar gwaji sai ka wanke hannu da sifirit ka sa safar hannu, don kada ƙwayoyin fatarka su gurɓata lakar. Na yi haka sau dubbai, har ba na sanin na yi. To, hannuna na fita daga nasa ke nan na zaro kwalbar sifirit daga aljihu, na fesa, na murza tafi, na bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya har wuyan hannu, a tsanake kamar yadda nake koya wa ɗalibai. Na sake fesawa. Sannan na sa safa.

Sai da abokin aikina ya taka mini ƙafa na ɗago. Manoman nan duk sun sunkuyar da kai, ɗaya ya ce a hankali, "Allah shi kyauta." Baba Sahabi kuwa ya riga ya tura hannuwansa cikin riga, yana kallon shinkafarsa kamar yau ya fara ganinta.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara bayani ina in'ina, cewa lakar nake karewa daga hannuna, ko da Inna na gaisa haka zan yi. Gaskiya ce tsantsa, amma ni kaina da na ji ta a kunnena ta yi kama da ƙarya.

Ya ce, "Na gane, likita. Yi aikinka."

Ɗazu ɗan Mamman ne ni, yanzu na koma likita. Abin da ya fi ƙona ni, duk wurin babu wanda ya kai ni sanin cewa wanda ya warke daga wannan ciwo ba ya shafa wa kowa. Ina koyar da shi a aji.

Mun shiga laka har gwiwa muka cika kwalabe goma sha biyu. Kumfar na tashi daidai inda ya ce, lakar baƙa wuluk mai warin ƙwai. Ban taɓa ɗebo samfuri mai kyan wannan ba, ban kuma taɓa yin aiki da nauyin zuciya irin na ranar ba.

Bayan azahar Baba Sahabi ya ja mu gidansa. Aka shimfiɗa mana tabarma ƙarƙashin darbejiya, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu. Nawa kwanon daban ne, sabo fil, da cokali wanda ko takardar kanti ba a gama ɓare masa ba. Shi kuma ya ɗauki nasa ya koma bakin zaure, ya ba mu gefen jikinsa. Na san abin da ya kamata in yi. Taku biyar ne tsakaninmu, in tashi in sa hannu a kwanonsa, shi ke nan. Na ce bari in yi loma ɗaya tukuna. Na ce kada a ce na yi don ganin ido. Ina ta wannan shawara da kaina har tuwon ya ƙare, da cokali.

Na ba shi goron Inna, ya ce a ajiye masa a tabarma. Da za mu tafi na miƙa masa hannu, ya dafa ƙirji ya yi murmushi.

"Bar shi, likita. Kada ka ɓata maganinka, hanya da nisa. Ka gaida min tsohuwa."

Tun daga bayan babur har Kebbe, daga Kebbe har Tambuwal, hankalina na kan kwanon nan. Direba ya yi ta jan mu da labarin yadda zai gaya wa matarsa ya yi dakon taɓo, da ya ga ba mai dariya ya kunna rediyo. Mun shigo gari ana kiran magariba.

Inna na kan abin salla ta tambaye ni, "Kun ci abinci?" Na ce mun ci. Ta ce, "Kwano guda?" Na ce a'a.

"Lokacin da ciwon nan ya kama shi, ko 'yan ɗaki nai sun ware mishi kwano. Babanka ɗai na ka cin tuwo da shi, shekara da shekaru, har mutane sunka daina tsoro."

Na zauna na gaya mata komai, har da cokalin. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba ya cikin kwalaben, suna nan a firiza ban ko buɗe su ba. Na ƙware wajen kare laka daga hannuna, amma na kasa lura da mutumin da ke tsaye a gabana. Feshin sifirit kuskure ne na sabo, wannan ina iya yafe wa kaina. Taku biyar ɗin nan kuwa ina sane na ƙi yin su, su ne ke hana ni sakat.

Da safe na fito na tarar da wani tsohon akushi a ƙofar ɗakina, baƙi, bakinsa ya cinye, an ɗaure tsagarsa da waya. Inna na shara ba ta ko ɗago ba.

"Na babanka na. Ran Juma'a ka koma wurin Sahabi da shi, ka bar kwalabe gida. Ya san shi."