Irin Bana

Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ni nake faɗa. Ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ko ɗaya ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, har inda maganar ta taɓa ta, kada ta gyara. In na yi kuka ta ajiye alƙalami ta jira ni.

Maigidana manomin shinkafa ne. Fadamarmu tana bakin kogi a nan Gaya, inda ake hango gada da manyan motoci suna layin ƙetarawa Benin. Shekara arba'in da wani abu muna tare. Sau ɗaya muke shuka a shekara, da damina. Shi ke noma, ni ke zaɓen iri. In an yi girbi sai in zauna in ware zangarniyar da ta cika, in shanya, in cuɗa da toka, in zuba a tulu, in liƙe bakinsa da laka. A duk shekarun nan bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake cewa, in kuma da baƙi ya ce "masu gida". Ba raini ba ne, haka aka tashe su. Ni ma ban taɓa furta nasa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Da ranin shekarar da sojoji za su karɓi mulki, wata ƙungiya mai biro, wato ofis, a Yamai ta ɗauki ɗiyata aiki. Ita malamar lakwal ce. Suka ce suna da wata makaranta a cikin salula, manomi zai shiga ya saurari darasi da kunnensa ko bai iya karatu ba. Aikinta ta nemo tsohon manomi, ta ɗauki muryarsa, ta yanka maganar darasi darasi, ta jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Suka ba ta salularsu ta aiki. Ba ta je nesa neman tsoho ba, ubanta ta kama.

Ɗaukar muryar ba ta yi wuya ba, don shi in aka taɓo shinkafa ba ya gajiya. Jerin ne ya kawo gardama. Ta yayyaga takarda guda goma, ta rubuta wa kowacce kan magana, ta shimfiɗa su a tabarma a tsakar gida, ta danne kowacce da dutse. Ina tsinkar zogale ina jin su.

"Baba, wanne ne na ɗaya?"

"Na ɗayan me?"

"Na ɗayan noma. Da me ake farawa?"

"Noma ba shi da na ɗaya. Dubi awarwaron uwarki, nuna mini inda ya fara."

"Baba, na'urar ba ta san awarwaro ba. Sai an ba ta lamba."

"To na'urarki ba ta taɓa cin tuwo ba. Sa zaɓen iri a farko. Wanda ba shi da iri, me zai kai fadama, bakinsa?"

Ta ce zaɓen iri bayan girbi ake yi, girbi kuwa shi ne na tara, don haka iri na goma ne. Ya ce na ɗaya. Ta ce mutanen biro za su ce ba ta iya lissafi ba. Ya ɗauke dutsen ya mayar da takardar sama, ta mayar da ita ƙasa. Daga ƙarshe ya ce, "Madam ta ci, ɗan lakwal ya bi." Sharar fadama ta zama na ɗaya, zaɓen iri na goma.

Amma a wani wurin shi ya ci. Ta nuna masa cewa ana iya barin darussan a buɗe, mutum ya ji duka a zama ɗaya, ana kuma iya kulle su. Ya ce a kulle. Ya ce ko tuwo loma loma ake ci, wanda ya haɗiye darasi goma a wuni ɗaya ko ɗaya ba zai zauna masa ba. Sai ta tsara haka: ka saurari darasi, a yi maka tambaya, in ka ci ka jira gari ya waye kafin na gaba ya buɗe. In ka faɗi, ƙofa tana nan a rufe. Tambayoyin ba ita ta yi su ba. Ita tana rubuta abin da uban ya faɗa ta tura Yamai, can wani ma'aikaci ya fitar da tambaya.

Tara daga ciki a gabana aka ɗauka. Na goma kuwa na tafi suna a Tanda, kwana biyu, na dawo na tarar sun gama.

Ba a kai ga buɗe wa manoma makarantar ba sojoji suka hau. Aka rufe gada. Motoci suka tsaya har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta yanke. Maigidana yana da hawan jini, maganinsa daga ƙetaren kogi ake kawowa, ya zama yau akwai, sati biyu babu. Ya yi girbin shekarar da ƙyar. Ranar da muka gama sussuka ya zauna a kan buhu ya ce kansa na juyawa. Kwana shida ya yi ba ya magana, Allah ya karɓi abinsa. Ƙungiyar ma ta naɗe tabarma, suka aiko aka karɓi salularsu da duk muryoyin da ke ciki, suka cire wa ɗiyata ikon taɓa darussan. Darussan dai suna nan a makarantar, ba kowa a ciki.

Ina takaba ta ce mini in ina so za ta sa ni a matsayin ɗaliba in ji shi. Na ce ba zan iya ba. Ko carbinsa na gani sai in fita ɗakin. Na gama takaba, na ƙara wata biyu, ban nema ba.

Wata safiya ta shigo da tata salular a hannu, ba ta ko zauna ba.

"Inna, sun turo saƙo. Za su rufe makarantar gaba ɗaya. Saura kwana goma sha biyu."

"Su rufe mana. Me ya rage da ba a rufe ba?"

Ta ce, "Akwai abin da ban faɗa miki ba, don ya ce kada in faɗa. A na goma ya kira sunanki."

Na ce ƙarya take. Ta rantse. Ta ce da ta tambaye shi zaɓen iri sai ya ce wannan ba aikinsa ba ne, aikin wance ne, ya faɗi sunana, ya yi ta magana a kaina. Na ce me ya ce. Ta ce ba ta riƙe duka ba, hankalinta na kan batir da ke shirin mutuwa. Ta tuna ya ambaci toka da tulu, ta tuna ya yi dariya a wani wuri.

Darasi goma, kwana goma sha biyu. Muna da rarar kwana biyu. A ranar ta shigar da ni da sunana. Ta aro salular maƙwabciya, duk darasin da ya buɗe sai ta kara su baki da baki ta ɗauke muryar, don ta zauna mana. Ita salular, kullum sai an kai ta kasuwa wurin mai faranti na hasken rana a cika mata wuta.

Da muryarsa ta fito a na ɗaya, ya yi gyaran murya irin nasa ya ce "To, bismillah," sai na kifa kai a gwiwa. Sau uku muka maimaita kafin in ji abin da yake cewa. Bayan ya gama, muryar wata mace ta karanta tambaya, ta ce a danna ɗaya ko biyu. Ɗiyata ta nuna mini, na danna da yatsana. Na ci. Na biyu na ci, na uku na ci. Me za su tambaye ni a kan fadama da ban sani ba?

Na huɗu a kan shuka ne. A ciki ya ce wanda fadamarsa ke kusa da kogi ya shuka irin Bana, don yana nuna da wuri kafin ruwa ya hau. Kowa a nan ya san irin da yake nufi. Wata gajeriyar shinkafa ce da ya samo a garin Bana wurin wani abokinsa, tun ɗiyata tana goye. Sai matar ta ce, "Wane iri ya kamata manomi ya shuka? In irin bara ne, danna ɗaya. In irin bana ne, danna biyu."

Na danna ɗaya. Ta ce ban ci ba.

Na dubi ɗiyata. Ta dafe kai. Ta ce laifinta ne: sunan gari da babban baƙi ake fara shi, ita kuwa da ta rubuta maganar ta tura, da ƙarami ta sa. Ma'aikacin Yamai bai san akwai gari mai suna Bana ba, ya ɗauka shekara ake nufi.

"Inna, danna biyu kawai mu wuce."

"Irin bana? Irin bana ai ba a haife shi ba tukuna. Yana ina da za a shuka shi?"

"Na sani. Na'ura ce, ba ta jin gardama."

"Ubanki ya ce a shuka irin bana?"

"Bai ce ba."

"To ni zan sa hannu in ce ya ce? Da sunana?"

Ta ce babu wanda zai gani, makarantar ma rufewa za ta yi. Na ce ni na gani. Shekara arba'in ina ajiye irin bara a tulu, yanzu wata mata da ba ta taɓa taka laka ba za ta ce in shaida mijina bai san bara da bana ba. Na ce ta kira Yamai su gyara. Ta kira, lambar ba ta shiga. Ta tura saƙo, ba amsa. Na ƙwace salular na ƙulle a bakin zanina don kada ta danna a ɓoye. Washegari na sake danna ɗaya, ko matar ta yi tunani cikin dare. Ba ta yi ba.

Yanzu in na duba, ba na'urar kaɗai nake wa fushi ba. Ba a bar mini komai da zan ce a'a a kansa ba. Ba a tambaye ni kafin a rufe gada ba, ba a tambaye ni da magani ya yanke ba. Wannan ɗaya ne aka kawo gabana aka ce in zaɓa.

Rana ta uku a kan tambayar, ɗiyata ta durƙusa a gabana. "Inna, rarar ta ƙare. In ba ki danna yau ba, shi ke nan." Na kwance bakin zani. Na ce, "Malam, ka yafe mini," na danna biyu. Matar ta ce madalla, na ci.

Daga nan ba mu da kwana ko ɗaya na wasa. Na biyar, na shida, na bakwai, kowace safiya ɗaya. Na ji shi yana faɗa da tsuntsaye a darasin tsaron gona, na ji tarinsa, har na ji muryata daga nesa ina korar akuya. Ranar na takwas muka tashi babu rezo, salula ba ta kama layi. Aka ce man injin da ke ba dogon ƙarfen salula wuta ne ya ƙare. Ɗiyata ta hau babur ta nufi hanyar Bengou tana ɗaga salula sama, ta dawo ta gangara bakin kogi ko za ta kamo na ƙetare. Sojojin da ke gadin gada suka kore ta. Har rana ta faɗi rezo bai dawo ba. Sai washegari da hantsi.

Na takwas ya buɗe a rana ta goma sha ɗaya, na tara a ta goma sha biyu. Na ci tambayar girbi. Matar ta ce, "Madalla. Darasi na goma zai buɗe gobe." Ƙa'idar da shi da bakinsa ya kafa.

Bayan sallar asuba muka zauna a tabarma, ni da ita. Ta taɓa salular. Ta daɗe tana kallo. Na ce karanta mini. Ta ce ba abin karantawa, fari ne fat, da layi ɗaya na Faransanci mai cewa babu wannan wurin. Ta sake gwadawa har batir ya mutu.

Ba mu yi wa juna faɗa ba. Ta ce da ta bar takardar inda ya sa ta, da tun ranar farko na ji. Na ce da na danna biyu tun farko, da kwana biyu sun rage mini. Kowa ya riƙe nasa. Ga ta nan tana rubutawa tana share ido, na ce ta ci gaba.

Darussa taran da ta ɗauke suna nan, ina jin su in an samu wuta. Ina yawan sa ta ta sake faɗa mini abin da ta tuna na goman. Kullum toka da tulu ne, da dariyar. Na tambaye ta yadda ya faɗi sunan, da ƙarfi ko a hankali, cikakke ko yadda ƴan'uwana ke gajarta shi. Ta ce a hankali, tana jin cikakke ne, amma ba za ta rantse ba.

Fadamar yanzu ɗan ƙaninsa ke noma ta. Da damina ta matso ya zo neman iri. Na fasa lakar bakin tulun da na liƙe a satin rasuwar, na auna masa. Ya ce, "Inna, wane iri ne wannan?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, kuka ya riga ni. Ɗiyata ce ta faɗa masa.