Saƙon Baba da ban kai wa Malam ba

A makon farko da na shiga jami'a na yi abin da ya rufe mini baki har shekara biyu. Malaminmu na darasin amfanin gona ya kira ni ofishinsa in karɓi wata takarda. Na tuɓe takalmina a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi, kamar yadda muke yi wa manya a ƙauyenmu kusa da Ruwan Godiya. Ashe 'yan ajinmu na tsaye a baranda. Kafin in dawo aji labari ya riga ni, sun laƙaba mini "Ranka-ya-daɗe". Tun daga ranar na koma kujerar baya. Ko na san amsa, da na yi niyyar ɗaga hannu sai in ji kamar an ɗaura masa dutsen niƙa.

Da na je hutu, Baba ya tambaye ni abin da ake koya mana. Na ce mun yi karatu a kan ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye dawa, kuma Malam ya ce ban da cirewa da canjin shuka babu wata dabara a hannun ƙaramin manomi. Baba ya yi dariya har da tari.

"Kai, malamin naku bai taɓa riƙe hauya ba halan? Riɗi ake garwayawa cikin irin dawa a shuka tare. Haka na iske ubana na yi. In ka koma ka hwaɗa mai, ka ce ni na aiko ka."

Na ce to. Amma ina! Mutumin da ba ya iya cewa "ban gane ba" a aji, shi ne zai miƙe ya gyara wa dakta magana? Kowane hutu, kafin in ajiye jaka Baba zai ce, "Mi malamin ya ce?" Yau in ce ya yi tafiya, gobe in ce ba mu kai wurin ba. A lokacin gonarmu ta bakin daji ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, Baba yana zaune a gida babu abin yi. Ban gane cewa wannan saƙon ne kawai aikin da ya rage masa ba. Ina jin haushin kaina har yau.

A shekara ta uku muka sake haɗuwa da Malam. Shi ma ya gaji da jin muryar mutum biyar na gaban aji, sai ya canza salo. Kowane darasi zai zaɓi mutum ɗaya ya ce, "Faɗa mana yadda ake yi a garinku. In Turanci ya maƙale, yi Hausa, za mu fassara." Ya hana dariya, ya kuma iya jira. Na ga wata yarinya 'yar garin Sabuwa ta daɗe tana laluben kalmomi, bai katse ta ba, har ta yi bayani.

Ana cikin zangon nan aka kira ni gida. Ciwon ƙirji, kwana huɗu. Na iske an riga an kai Baba makwancinsa.

Mako uku da dawowata aka zo kan ƙuduji. Ban jira a zaɓe ni ba. Na miƙe na faɗi dabarar Baba ta riɗi, na fara da Turanci na ƙarasa da Hausa. Babu wanda ya yi dariya. Malam ya ajiye alli, ya matso har bayan aji inda nake. Ya ce ya taɓa cin karo da wannan a rubuce, amma bai taɓa samun manomin da ke yi da hannunsa ba. Ya ciro biro.

"Riɗi nawa yake zubawa a tiya ɗaya ta dawa?"

Na ce ban sani ba. Sau nawa na tsaya kan Baba yana garwaya irin nan a ƙwarya, ban taɓa tambaya ba.

"Ba komai," in ji Malam. "Kira shi yau ka tambaye shi. Ka ce masa in an samu hanya, ni da kaina zan zo in gaishe shi."